Mene ne anbar, kuma daga ina yake fitowa?

Duk mai shiga shagunan turare a Agege ko Idi-Araba da ke Legas ya saba jin ana tambayar anbar, musamman mata masu haɗa humra. Mai shago zai ɗauko kwalba ya ɗiga maka a bayan hannu, ya ce na Dubai ne. Ƙamshi kam akwai shi, amma kusan duk abin da ke cikin irin waɗannan kwalabe haɗin masana'anta ne. Anbar na asali daga hanjin wata ƙatuwar dabbar teku yake fitowa, wadda Larabawa ke kira da wannan sunan.

Masu karatun hadisi sun san ta. A Bukhari da Muslim, Jabir ya ba da labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida, yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ta jefo musu wata dabba mai suna anbar. Suka yi kwanaki suna ci, har aka kafa haƙarƙarinta mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi.

Ana ce mata kifi, amma da huhu take numfashi, tana haihuwa, tana shayarwa. Namiji yakan kai mita 16, nauyinsa ya haura tan 40, mace kuwa wajen mita 11. Kan kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na jiki, kuma ƙwaƙwalwarta, mai nauyin kilo 8, ta fi ta kowace dabba girma. Ciki yakan ɗauki wata 14 zuwa 16, ɗa guda take haifa, sai an yi shekaru kafin wani. Mata da 'ya'ya suna zama tare a ruwa mai ɗumi, har da zurfafan wuraren Tekun Gini, manyan maza kuma su nausa yankunan sanyi su kaɗai.

Wajen neman abinci ne abin mamakin yake. Takan nutse fiye da mita 1,000, ta yi kusan awa ba ta sheƙa iska ba. Can ƙasa duhu ne ƙirin, don haka sai ta riƙa fitar da wata ƙara mai ƙarfi daga kanta, amsa-kuwwar ta nuna mata inda abin farauta yake. Abin da ta fi ci wata halitta ce mai laushin jiki da hannuwa goma, bakinta mai tauri kamar na aku. Naman yana narkewa, bakin ba ya narkewa. Yawanci amayar da bakunan take yi. Amma a 'yan ƙalilan daga cikin waɗannan dabbobin na anbar, wajen ɗaya cikin ɗari, bakunan sukan zarce hanji, wani maiƙo ya lulluɓe su, su dunƙule a hankali.

Wannan dunƙulen shi ne anbar. Sabonsa baƙi ne, warinsa na kashi, ba wanda zai so ya kusance shi. Sai ya shekara da shekaru yana yawo a kan ruwa, rana da gishiri suna aiki a kansa, sannan ya yi tauri, ya koma ruwan toka, ƙamshi ya fito. Masu haɗa turare suna son sa ne don yana riƙe ƙamshi ya daɗe a jiki.

Tsadarsa ba ta wasa ba ce. A 2021 wasu masunta 35 a Yaman sun samu kilo 127 a cikin mushen dabbar, suka sayar dala miliyan 1.5. Ka ga ke nan wanda ya miƙo maka kwalba a 'yan dubban naira ya rantse na asali ne, ko dai an ruɗe shi ko yana son ruɗar ka. Ni ban ga aibun na haɗin ba, in dai an faɗa wa mai saye gaskiya. Manyan kamfanonin Faransa ma sinadarin da ake yi daga ganye suka fi amfani da shi yanzu. Amurka da Ostareliya sun haramta cinikin na asalin, ko da tsintarsa mutum ya yi a bakin teku, saboda kare dabbar da aka yi wa mummunan kisa don man da ke kanta kafin a dakatar da farautar kasuwanci.