Mita ɗari kewaye da Auschwitz: abin da dokar Poland ta 1999 ta tanada

A ranar 7 ga Mayun 1999 majalisar dokokin Poland ta zartar da dokar kare wuraren da 'yan Nazi suka kafa sansanonin kisan ƙare dangi. Wurare takwas ta shafa: Auschwitz, Majdanek, Treblinka, Sobibor, Belzec, Chelmno, Stutthof da Gross-Rosen. A Auschwitz kaɗai an kashe mutum kusan miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa.

Rigima ce ta haifi dokar. Daf da katangar Auschwitz akwai wani ramin tsakuwa inda Jamusawa suka harbe fursunoni 'yan Poland a 1941. An kafa wani babban gicciye a wurin, wanda aka yi amfani da shi lokacin da Fafaroma John Paul II ya jagoranci addu'a a Birkenau, sashe na biyu na sansanin Auschwitz, a 1979. Ƙungiyoyin Yahudawa suka ce bai dace a ɗora alamar wani addini kan wurin da suke kallo a matsayin maƙabartar mutanensu ba. Da aka fara raɗe-raɗin cire shi a 1998, sai wani ɗan gwagwarmaya mai suna Kazimierz Switon ya tare a filin, magoya bayansa suka kakkafa ƙananan gicciye kusan 300. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi, domin filin yana hannun masu haya.

To, me dokar ta ce? Kowane ɗaya daga wuraren nan ana shata masa iyakar kariya da ba ta wuce mita 100 daga gefensa ba. A cikinsa da cikin wannan iyaka, ba a taro sai da izinin gwamnan lardi, wanda gwamnatin tsakiya ke naɗawa, kuma yana da ikon hanawa idan taron zai zubar da martabar wurin. Kasuwanci ma sai da izininsa, shi ma sai wanda ya shafi kula da wurin ko hidimar maziyarta. Haka gini. In ta kama, gwamnati na iya karɓe fili ta biya diyya.

Kafin watan Mayun ya ƙare, sojoji sun kwashe ƙananan gicciyen. Babban yana nan har yau.

A ganina raunin dokar yana cikin mita ɗarin nan. Auschwitz ba shinge ɗaya ba ne. Akwai masana'antu da ƙananan sansanoni da fursunoni suka yi aikin tilas a ciki, warwatse a garin Oswiecim, inda Auschwitz yake, da kewaye. A shekarar 2000 aka buɗe gidan rawa a harabar wata tsohuwar majema inda fursunoni suka yi aikin tilas, kuma iyakar kariyar ba ta kai can ba. Sai da aka yi ta ƙorafi daga ciki da wajen ƙasar kafin a rufe shi a 2001.