Shayin bargamot: tambayoyi da amsoshi kan ƙamshinsa da yadda ake ɗanɗana shi

Mene ne bargamot, kuma me ya haɗa shi da shayi?

Bargamot ɗan itace ne daga dangin lemu, wanda masana tsirrai ke kira Citrus bergamia. Girmansa ya yi daidai da na lemun zaƙi, ɓawonsa kore ne kafin ya nuna, sannan ya koma rawaya. Ba a ɓare shi a sha kamar sauran lemu, domin tsaminsa da ɗacinsa sun yi yawa. Darajarsa a ɓawonsa take, inda ƙananan ramuka ke riƙe da wani mai mai ƙamshi, wanda ake tatsowa ta hanyar kankare ɓawon da inji ba tare da an sa wuta ba, saboda zafi yana lalata ƙamshin.

Mafi yawan man bargamot na duniya daga yankin Kalabiriya da ke kudancin Italiya yake fitowa, daga wani siririn tsiri na gaɓar teku a kewayen birnin Reggio Calabria. Ana tsinkar 'ya'yan daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris, kuma manoman yankin sun fi shuka iri uku, wato Femminello da Castagnaro da Fantastico. A shekarar 2001 Tarayyar Turai ta ba man wannan yanki kariyar suna, ta yadda ba za a sayar da man wani wuri da sunansa ba. Ana kuma noma bargamot a Kwaddebuwa da Turkiyya, amma bai kai na Italiya yawa ba.

Abin da ya haɗa shi da shayi kuwa shi ne ɗabi'ar busasshen ganyen shayi ta zuƙe duk wani ƙamshi da ya kusance shi. Masu haɗa shayin suna fesa man a kan ganyen, su cakuɗa shi sosai, su bar shi ya kwana a rufe har ƙamshin ya ratsa. Saboda haka wanda ya sha shayin bargamot ba ruwan lemun ya sha ba, kuma bai kamata ya sa ran jin tsami ba.

Me ya sa ake kiran sa Earl Grey?

Sunan na Charles Grey ne, mai sarautar gargajiyar Birtaniya da ake kira Earl, wanda ya riƙe muƙamin firayim ministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834, kuma a zamanin mulkinsa ne majalisa ta zartar da dokar gyaran zaɓe ta 1832 da dokar soke bauta ta 1833. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa wani babban jami'in ƙasar Sin ne ya ba shi wannan haɗi a matsayin tukuici, sai dai Grey bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Iyalinsa kuma suna cewa an haɗa shayin ne domin ya dace da ruwan gidansu na Howick Hall a arewacin Ingila, wanda ke da yawan farar ƙasa. Kamfanoni biyu na birnin Landan, Twinings da Jacksons of Piccadilly, sun daɗe kowanne yana iƙirarin shi ne ya fara sayar da shi.

Abin da rubutattun bayanai suka nuna bai kai waɗannan labarai daɗin ji ba. Tun a shekarar 1824 wata jarida a Ingila ta ambaci yadda ake sa wa shayi mai araha bargamot domin a kwaikwayi ƙamshin tsadaddun shayin ƙasar Sin. Wato a farkon al'amari dabarar ɓoye aibin ganye ce, kuma yana da kyau mai saye ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin har yau akwai masu amfani da shi ta wannan fuska.

Me ya sa wani shayin bargamot ke yin ƙamshin sabulu ko turare?

Wannan ƙorafi ne da ake yawan ji daga waɗanda suka gwada shayin sau ɗaya suka ƙi shi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Man bargamot yana ɗauke da sinadarai masu ƙamshi da dama, amma uku ne suka fi rinjaye. Na farko shi ne limonin, wanda ke ba da ƙamshin ɓawon lemu da kowa ya sani. Sauran biyun, linalul da linalil asitet, su ne kuma ke cikin furen labanda, kuma su ne ke sa ƙamshin bargamot ya karkata zuwa na fure. Masu haɗa turare sun daɗe da gane wannan, domin man bargamot yana cikin ginshiƙan turaren nan na Kolon da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a Jamus a 1709, kuma har yanzu ana sa shi a sabulai da man shafawa masu yawa. Don haka hancin mutum kan riga ya san wannan ƙamshi daga sabulu kafin ya haɗu da shi a kofin shayi, sai ƙwaƙwalwa ta danganta shi da abin da ta saba.

Dalili na biyu shi ne wuce gona da iri wajen fesa man, musamman idan ganyen ba shi da inganci kuma ana so a rufe masa asiri. Na uku shi ne amfani da ƙamshin da aka haɗa a masana'anta maimakon man ainihi, saboda ya fi araha kuma ya fi jure daɗewa a kanti. Irin wannan ƙamshi yana bugun hanci da ƙarfi tun daga buɗe gwangwani, amma fuska ɗaya gare shi, ba ya sauyawa daga kurɓar farko zuwa ta ƙarshe. Mai son ya bambance sai ya karanta jerin abubuwan da ke jikin kwalin: wasu suna rubuta man bargamot a fili, wasu kuwa suna taƙaitawa da cewa an sa ƙamshi kawai.

To, yaya ake ɗanɗana shi a gane mai kyau?

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne cewa harshe ba ya jin bargamot. Abin da harshe ke iya rarrabewa shi ne zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da kuma ɗanɗanon romo, sannan baki yana jin baurin nan da ke bushe dasashi. Ƙamshin bargamot kuwa tururi ne da ke tashi daga baki ya bi ta bayan maƙogwaro ya shiga hanci. Duk mai shakka ya toshe hancinsa da yatsu biyu ya kurɓi shayin: zai ji ruwan zafi mai ɗan ɗaci da bauri kawai, amma da zarar ya saki hancin ya fitar da numfashi, sai ƙamshin lemu da fure ya cika masa kai gaba ɗaya. Shi ya sa mai mura ba zai iya yi wa wannan shayi adalci ba.

Ana farawa ne da busasshen ganye. A zuba ɗan kaɗan a cikin butar shayi da aka ɗauraye da ruwan zafi, a rufe na ɗan lokaci, sannan a buɗe a shaƙa. Ɗumin butar yana tayar da ƙamshin, kuma a nan ake so a ji abu biyu a tare, wato ɓawon lemu a sama da ƙamshin ganyen shayin a ƙarƙashinsa. Idan bargamot kaɗai ake ji, wannan alama ce ta farko cewa ganyen ba shi da abin cewa. Bayan an jiƙa an tace, kada a yi gaggawar zubar da jiƙaƙƙen ganyen, domin ya fi busasshen faɗin gaskiya: ganye mai kyau yakan buɗe ya yi launin jan ƙarfe mai sheƙi, marar kyau kuwa yakan zama baƙin dusa marar ƙamshi.

Wajen kurɓa, ƙwararrun masu gwada shayi suna ɗibar sa a cokali su zuƙe shi da ƙarfi tare da iska har ya yi ƙara, domin ya watsu a duk faɗin baki kuma tururin ya isa hanci. A gaban baƙi ba lallai a yi haka ba, ya wadatar a riƙe kurɓar a baki na ɗan lokaci, a haɗiye, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. Abin da ake nema shi ne tsari: ƙamshin lemu ya fara zuwa, nauyin shayin ya biyo baya ya cika baki, sannan a ƙarshe wani ɗan ƙamshin fure da ɗaci mai tsabta su saura a ganɗa.

Gwajin da ya fi kowanne tona asiri, a ganina, shi ne barin rabin kofin ya huce. Yayin da shayi ke da zafi sosai tururi yana yi wa kowane haɗi kwalliya. Idan ya huce, mai kyau yakan ƙara laushi har a ji ɗan zaƙin ganyen, marar kyau kuwa yakan rabu gida biyu, ɗaci a harshe da ƙamshin turare a hanci, kowanne yana harkarsa dabam. Bargamot a shayi tamkar gishiri ne a miya, aikinsa ya fito da abin da ke tukunyar, kuma idan shi aka fara ji aka kuma gama da shi, to an yi masa yawa.

Shin irin ganyen da aka sa wa ƙamshin yana da tasiri?

Yana da tasiri ƙwarai, har ya fi abin da yawancin masu saye ke zato. Ganyen Kimun na ƙasar Sin, wanda aka fi dangantawa da haɗin farko, yana da laushi da ɗan ƙamshin hayaƙi, kuma yana tafiya da bargamot ba tare da gardama ba. Ganyen Siri Lanka yana da kaifi da haske, har shi kansa yana da ɗan ƙamshin lemu, don haka haɗinsa ya fi wartsakarwa. Ganyen Assam na Indiya da na Kenya suna da nauyi da duhun launi, kuma su aka fi zubawa a shayin da ke cikin 'yar jakar takarda, wanda aka tsara domin ya jure madara. Akwai kuma masu sa bargamot a koren shayi, da masu sa shi a roibos na Afirka ta Kudu, wanda ba ganyen shayi ba ne kuma ba shi da sinadarin kafeyin mai hana barci, ya dace da mai son sha da dare.

Yaya ake jiƙa shi?

Ga baƙin shayi, a sa giram 2 zuwa 3 na ganye a kofi mai cin mililita 200 zuwa 250, a zuba ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, a bar shi minti 3 zuwa 4. Idan ya wuce minti 5 bauri yakan danne ƙamshin. Koren shayi ba ya son ruwan da ya wuce digiri 80, kuma minti 2 zuwa 3 sun ishe shi. Dole ne a rufe buta ko kofin lokacin jiƙawa, domin man bargamot yana bin tururi ya gudu, kuma ƙamshin da ya cika ɗaki ƙamshi ne da kofin ya yi asara. Ruwa mai yawan farar ƙasa yana dushe launin shayin ya bar wata yana a samansa, saboda haka tataccen ruwa ya fi.

Ana sa masa madara da sukari?

Ana iya sawa, kuma madarar ba ta tsinkewa, tun da man ɓawo ne a ciki ba ruwan tsami ba. Sai dai kada a haɗa madara da yankan lemun tsami a kofi ɗaya, a zaɓi guda. Madara tana rage bauri amma tana kuma lulluɓe ƙamshi, don haka ta fi dacewa da haɗi mai nauyin ganye. A birnin Bankuba na Kanada ne aka fito da abin shan nan da ake kira London Fog, wanda ake yi da Earl Grey mai ƙarfi da madara mai kumfa da banila. Amma duk wanda ya sayi sabon haɗi, ya kamata kofinsa na farko ya kasance babu komai a ciki, domin ya san abin da ya saya.

Mene ne bambancin Lady Grey da sauran ire-irensa?

Lady Grey haɗi ne na kamfanin Twinings da ya fito a shekarun 1990, an rage masa bargamot an ƙara ɓawon lemun zaƙi da na lemun tsami, domin masu ganin na asali ya yi musu ƙarfi. Wanda ake dangantawa da Faransa yakan zo da furanni irin su wardi. Shuɗayen furannin da ake gani a wasu gwangwanaye kuwa ado ne ga ido, kusan ba sa ƙara komai a ɗanɗano.

Akwai illa a shan sa?

Kofi biyu ko uku a rana ba abin damuwa ba ne ga mai lafiya, ban da abin da aka sani game da kowane baƙin shayi, cewa yana da kafeyin kuma yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke zuƙa idan an sha shi tare da abinci. Man bargamot yana ɗauke da wani sinadari mai suna bargaftin. A shekarar 2002 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga labarin wani mutum ɗan shekara 44 a Ostiriya da ke shan kusan lita 4 na Earl Grey kullum, har jijiyoyin ƙafafunsa da hannayensa suka riƙa ɗaurewa, kuma matsalar ta gushe da ya rage sha. Wannan sinadari ne kuma ke sa fata ta ƙone idan aka shafa man aka shiga rana. Man da ake sayarwa a ƙananan kwalabe domin turare ba na ɗigawa a shayi ba ne.

Yaya ake adana shi ƙamshin bai gudu ba?

A zuba shi a gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, a ajiye nesa da haske da zafi da danshi. Kwalbar gilashi da rana ke dukanta ba ta dace ba. A kuma raba shi da sauran ganyen shayi da kayan yaji, domin yana ba su ƙamshinsa kamar yadda yake karɓar nasu. Ganyen kansa yana iya daɗewa, amma ƙamshin bargamot yakan fara raguwa cikin 'yan watanni bayan buɗewa, shi ya sa ya fi kyau a riƙa sayen kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da za a iya shanyewa.