Taron Nikiya bai kashe rigimar Ariyus ba

Kullum sai ka ji mutane suna cewa wai a taron shugabannin coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 sarkin Rum Kwanstantin ya buga tebur, bishop Atanasiyus ya yi nasara a kan Ariyus, wani limamin coci a Iskandariya, shikenan magana ta ƙare. Gaskiya ba haka abin ya faru ba.

Lokacin taron ma Atanasiyus dikon ne kawai, wato mai taimaka wa bishop, ya raka maigidansa bishop Alekzanda na Iskandariya, sai a 328 ya gaje shi. Taron dai ya yi watsi da koyarwar Ariyus da ke cewa Yesu halitta ne, akwai lokacin da babu shi, amma fa masu goyon bayan Ariyus ba su watse ba, fada suka koma suna shiga suna fita har suka samu kunnen sarki.

A taron birnin Taya na 335 aka zargi Atanasiyus da kashe wani bishop Arseniyus, wai har ya yanke hannunsa don yin tsafi, sai ga Arseniyus an shigo da shi da ransa, hannu biyu cif. Duk da haka suka tsige shi, suka ƙara da cewa ya yi barazanar hana jiragen alkamar Masar zuwa Kwanstantinoful, nan ne kuwa Kwanstantin ɗin da ake cewa nasa ne ya kore shi zuwa Tiriya, a Jamus ta yau. Wannan ɓangaren labarin ya fi taɓa ni.

Sau 5 ana korarsa, wajen shekara 17 ba ya kan kujerarsa, wani lokacin a ɓoye wajen masu ibada a hamadar Masar. Ya rasu a 373, sai a taron Kwanstantinoful na 381 aka sake tabbatar da matsayar Nikiya.