Ba kullum ne taifot ba: alamomin ɗaukewar al'ada da ba a cika faɗa ba

Mace ta haura arba'in da biyar, gwiwa na ciwo, barci ya ƙaurace, gaba na faɗuwa ba dalili. Sai a aiki yaro kemis. A sha maganin maleriya, a bi da na taifot, bayan wata guda a sake. Iyayena mata na Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Kakuri a Kaduna, wannan abu muna yawan ganinsa a ɗakin duba marasa lafiya, kuma sau da dama jiki ne kawai ya fara shirin ɗauke al'ada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba. Amma canjin yakan soma shekaru kafin nan, tun jinin na zuwa yana tsallake wata. Sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke samarwa don tafiyar da al'ada, shi ne ke raguwa, shi kuwa aikinsa bai tsaya a mahaifa ba. Ƙashi, fata, mafitsara, zuciya da ƙwaƙwalwa duk suna cin moriyarsa.

Zafin da ke taso wa mace kwatsam da gumin dare, waɗannan an san su. Wanda ba a sani ba shi ne ciwon gaɓoɓi: a tashi da asuba yatsu sun sage, ruku'u da sujada su zama aiki, kafaɗa ta riƙe har ɗaura ɗankwali ya gagara. Akwai mantuwa, mace ta shiga ɗaki ta tsaya ta rasa me ya kawo ta. Akwai bushewar ido da baki, wani lokaci harshe na raɗaɗi, abin ya ƙaru idan hunturu ya shigo. Wasu gashin kansu ke zubewa, wasu 'yan gashi su fito musu a haɓa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne mai jin kamar kiyashi na yawo a fatarta, ga bugun zuciya cikin dare, ga kuka ba abin da aka yi mata. Nan da nan sai a ce iska ce, ko an yi mata jifa, har a fara zargin kishiya ko maƙwabciya. Addu'a ba ta hana neman magani, Hajiya. A yi addu'ar, a kuma zo a auna.

Sai maganar da kunya ke rufewa. Raguwar istirojin na sa gaban mace ya bushe, fatar wurin ta yi laushi, kwanciyar aure ta koma zafi, fitsari ya riƙa matsowa akai-akai, wani lokaci ya zubo in an yi tari ko dariya. Mata da yawa sukan ɗauka ciwon sanyi ne, su yi ta shan ƙwayoyi ko cusa haɗe-haɗen matsi, wurin ya ƙara ƙuna. Alhali akwai man shafawa mai sauƙaƙa bushewar, akwai kuma mai ɗauke da istirojin wanda likita ke rubutawa bayan ya duba. Maigida, in uwargida ta fara ja da baya, ba ƙiyayya ba ce. Ciwo take ji, kuma kai ne za ka ba ta kuɗin mota ta je asibiti.

Kada kuma a jingina komai ga al'ada. Ciwon suga, hawan jini, ƙarancin jini da cutar maƙoƙo duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamu, shi ya sa muke fara auna su. Ƙashi ma yana raguwar ƙarfi a wannan lokaci ba tare da an ji ba, don haka a riƙe nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, a kuma riƙa taka ƙafa kullum. Wadda al'adarta ke tsallake ta sani har yanzu tana iya ɗaukar ciki.

Abu biyu ba sa jira. Wadda jininta ya ɗauke kafin ta kai shekara 40 ta ga likitan mata. Wadda kuma ta shekara cur ba jini, sannan ta sake ganinsa, ko ɗigo ɗaya ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo, domin yana iya zama alamar kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa. Ta fara da asibitin unguwa mafi kusa, in da buƙata a tura ta babban asibiti irin su Barau Dikko, Yusuf Dantsoho ko na Shika da ke Zariya. Ta riƙe watan da ta ga jininta na ƙarshe, don shi za a fara tambayarta.