Ma'anar "babu raguwa a jimla" a dokar bakin ruwa ta jihar Washinton

A jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, wadda ba ita ce babban birnin ƙasar ba, duk lokacin da gunduma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan filayen bakin ruwa, akwai maganar da kullum take bakin mutane, wato "no net loss" da Turanci, ma'ana babu raguwa a jimla. Abin da take nufi shi ne kada aikin da ɗan Adam zai yi a gaɓa ya rage amfanin da wurin yake yi wa ruwa da kifi da tsirrai, idan an haɗa lissafi baki ɗaya. Ba a hana gini ba. Amma idan ka ɓata a nan, dole ka gyara daidai gwargwadon abin da ka ɓata.

Tushen maganar dokar kula da gaɓar ruwa ce da majalisar jihar ta yi a 1971, jama'a kuma suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 1972. Kafin nan, a 1969, kotun ƙolin jihar ta umarci wani mai fili a tafkin Chelan ya kwashe ƙasar da ya cike bakin tafkin da ita, domin ta tare wa jama'a hanyar ruwa. Hukuncin ya girgiza masu gine-gine, ya kuma sa 'yan majalisa suka farga. Dokar ta shafi bakin teku, da tafkunan da suka kai eka 20, da manyan koramu, sannan da ƙasar da ke cikin tazarar ƙafa 200, kimanin mita 61, daga inda ruwa ya saba tsayawa idan ya cika. Ƙa'idar rashin raguwa kuwa sai a 2003 ta shiga dokokin aiwatarwa na jihar.

Jiha ce ta kafa doka, amma gunduma ce ke rubuta tsarin da za a bi a yankinta. Ita ke auna gaɓarta, ta rarraba ta kashi-kashi, ta ce nan unguwar zama ce, can kuma daji ne da ba a taɓawa, ta faɗi nisan da gida zai ja da baya daga ruwa. Bayan kwamishinonin gunduma sun jefa ƙuri'a, sai an kai wa ma'aikatar muhalli ta jihar ta sa hannu. Shi ya sa kwamishina ke shan matsi ta fuska biyu: masu zaɓensa na cewa an shiga haƙƙinsu, ma'aikata kuma na iya mayar masa da takardar ta ce bai kai ba.

A aikace akwai matakai da mai gini zai bi a jere. Da farko ya nuna cewa ba yadda zai kauce wa ɓarnar. In babu makawa, ya rage ta iya yinsa. Abin da ya saura sai ya biya diyyarsa da aiki, kamar dasa itatuwan asalin wurin ko cire wani tsohon bangon kankare.

Bangon nan shi ne inda rigimar ta fi zafi. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na gaɓar mashigin tekun jihar da ake kira Puget Sound an kafe shi da bango ko duwatsu don tare zaizayar ƙasa. Mai gida yana ganin kariya ce ga dukiyarsa, kuma da gaskiyarsa. Sai dai bangon yana hana yashi gangarowa daga tudu, a hankali rairayin ya ƙare, ƙananan kifayen da ke zuba ƙwai a saman rairayi su rasa wuri. Su ne abincin kifin salmon, wanda nau'insa na Chinook a Puget Sound ya shiga jerin halittun da ke cikin haɗari tun 1999, shi kuma shi ne abincin manyan dabbobin tekun yankin da ake kira orka. Ƙabilun asalin wurin ma suna da bakin magana, domin hukuncin alƙali George Boldt na 1974 ya tabbatar musu da rabin salmon da za a kama, bisa yarjejeniyoyin da kakanninsu suka ƙulla da gwamnati. Haƙƙin kamun kifi ba shi da amfani in babu kifin.

Koke-koken masu filaye ba sa wuce uku zuwa huɗu. Wani ya sayi fili da kuɗinsa, sabon tsari ya zo ya ce rabinsa na kusa da ruwa ba a gini. Wani gidansa ya girmi dokar, yana tsoron in gobara ta ci shi ba za a bar shi ya mayar a wurin ba, ko darajarsa ta faɗi a kasuwa. Ga kuɗin ƙwararrun da za su rubuta rahoto kafin a ba da izini. Lauyoyinsu kan kafa hujja da gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana gwamnati karɓe dukiya ba tare da diyya ba, da kuma shari'ar Lucas ta 1992 daga jihar Karolina ta Kudu. Amma wannan hukunci ya tsaya ne kan dokar da ta shafe amfanin fili gaba ɗaya, kuma da wuya tazarar bakin ruwa ta kai can.

A ganina raunin ƙa'idar yana wajen lissafin kansa. Ana auna raguwa ne daga halin da gaɓa take ciki lokacin da aka rubuta tsarin, saboda haka ɓarnar shekarun baya ba ta shiga ciki. Sannan bishiyar da ta shekara 80 aka sare ba za a ce 'yan tsiron da aka dasa jiya sun maye gurbinta ba. Izini kuma ɗaya-ɗaya ake bayarwa, kowanne da 'yar ƙaramar ɓarnarsa, gundumomi da yawa kuwa ba su da isassun ma'aikatan da za su koma bayan shekaru su duba ko dashen ya kama. Wannan ne ya sa masu kare muhalli da wasu ƙabilu suke neman a canja ma'aunin, a wajabta wa kowane aiki ya bar gaɓa fiye da yadda ya same ta. Masu filaye kuma na tambayar wa zai biya.