Kafin a tsara wa mai lalurar ƙwaƙwalwa rayuwa, a tambaye shi me yake so

A gidaje da dama a Katsina akwai yaro ko baligi da ya taso da jinkirin fahimta, magana ko motsi. Ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, amma da wuya a zauna a tsara yadda rayuwarsa za ta kasance. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi kan hanyar tsara tallafi da ke farawa daga mutumin kansa.

Wace hanya ce wannan, kuma daga ina ta fito?

Hanya ce ta shirya kulawa ga wanda aka haifa da lalura kamar galahanga, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu lahani yana ƙarami saboda doguwar naƙuda, shawarar jarirai da ba a magance da wuri ba, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ba a farawa da lissafin abin da ya gaza. Ana farawa da abin da yake so, abin da ke ɓata masa rai, da mutanen da yake sakewa da su, kamar yadda tela ke awo kafin ya sa almakashi. Ta bunƙasa a Amurka da Kanada a shekarun 1980, lokacin da ake rufe manyan gidajen killace irin waɗannan mutane, sannan gwamnatin Ingila ta sa ta cikin manufofinta a 2001.

Wanda ba ya magana fa, yaya za a san abin da yake so?

Yana faɗa, saurare ne ba a yi. A ce saurayi ne ɗan shekara 19 a Ƙofar Marusa. Da an tada injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa yana bubbuga kai da bango. Da la'asar kuwa, in aka miƙa masa kwanon dusa, shi ne kan gaba wajen tumaki, kuma ba ya yarda wata ta cinye rabon wata. Ba ya cin abinci in an taru a kansa, amma yana cinyewa tas in ƙanwarsa ce ta ajiye masa ta zauna gefe. Duk wannan bayani ne. Mahaifiyarsa ta san shi sarai, sai dai a kanta kaɗai yake. Ranar da ta kwanta asibiti, gidan ya rikice. Shi ya sa ake rubutawa, ko da a shafi ɗaya ne na littafin makaranta: abin da mutane ke yabawa a halinsa, abin da ke da muhimmanci a wurinsa, da yadda ya fi son a taimaka masa.

Idan abin da yake so zai cutar da shi?

Nan ne aikin yake. Akwai abin da ransa ke so, akwai kuma abin da lafiyarsa ke buƙata, kuma ba a yar da ɗaya don ɗaya. Yana son fita ƙofar gida, iyaye na tsoron mota da tsokanar yara. Kulle shi a ɗaki ya kawar da tsoron iyaye ne kawai. Abin da tsari zai ce shi ne: wa zai raka shi, da wane lokaci, zuwa ina. Idan yana da farfaɗiya, maganinsa ba abin sassautawa ba ne, amma ana iya haɗa shansa da lokacin da ya fi natsuwa. Ba mu manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane daga gidajen mari a Daura da birnin Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Galibi 'yan uwa ne suka kai su, suna ganin gyara ake yi.

Su wa za a kira zaman?

Shi da kansa, sai iyaye, 'yan uwan da ke kusa da shi, malamin islamiyyarsa, da ma'aikacin lafiya in an samu. A tashi kowa ya ɗauki aiki guda da rana tsayayya, a sake zama bayan wata uku ko shida. Wanda ke zuwa gidan sai da sallah ba shi ne zai yanke hukunci ba, komai girmansa a dangi.

Doka ta ce wani abu?

Ta ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma uban da ya san wannan ba roƙo ya je yi ofishin hedimasta ba. Don gwaji da gashin ƙashi, ana iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Bayan ran iyaye, wa zai riƙe shi?

Wannan ce tambayar da ke hana uwa barci, kuma ita aka fi gudun furtawa. Lalura ba ta rage masa ko sisi a gado. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kada a danƙa dukiya ga wanda ba zai iya juya ta ba, amma a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Don haka tun iyaye na da rai a fayyace waliyyin da zai kula da rabonsa, a gaban shaidu, a rubuce. A kuma raba aiki biyu in da hali: mai riƙe dukiya daban, wanda zai zauna da shi daban. Gidan da zai koma, a fara kai shi yana kwana ɗaya ko biyu tun yanzu, da shafin nan a hannun matar gidan, in kuma zai yiwu, a tafi masa da tumakinsa.