Allah ne ya sa ko ƙyalewa ya yi? Inda rigimar “natan” ta samo asali

Gardamar nan da ake ta yi a guruf-guruf na masu nazarin Littafi Mai Tsarki kan 1 Sarakuna 22:23, wai Ubangiji ne ya sa ruhun ƙarya a bakin annabawan Ahab, sarkin Isra'ila, ko kuwa ƙyale shi kawai ya yi, ba jiya ta fara ba fa. Duk a kan fi'ili ɗaya ake yin ta, natan na Ibrananci, wanda ya zo wajen sau 2,000 a Tsohon Alkawari, shi ne ma a cikin sunan Natan da Jonatan.

Masu fassarar farko ba su wahalar da kansu ba. Yahudawan Iskandariya da suka fara juya Tsohon Alkawari zuwa Girkanci tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, “ya bayar” aka rubuta a ayar, Jerom ma, malamin Kirista da ya gama fassarar Latin wajen 405 haka ya yi. Masana kuma sun san natan na ɗaukar bayarwa, sawa, mayarwa, har da ƙyalewa.

Inda abin ya canja, kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne 1890. A shekarar James Strong, malami a Amurka, ya fitar da fihirisin da ya ba kowace kalmar Ibrananci lamba, lambobi 8,674, natan ya samu 5414. Aiki ne mai kyau, don wanda bai san ko alif na Ibrananci ba ya samu ƙofa. To amma a ƙarƙashin lambar an jera duk kalmomin Turancin da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki Jems (King James) ta yi amfani da su wajen fassara natan ne bi da bi bisa haruffa, ba a ce wacce ke tafiya da wane ginin jimla ba, don dama ba aikin fihirisi ba ne wannan. Yanzu da jerin ya shiga waya sai mutum ya latsa kalma, ma'anoni su zubo masa kamar kayan gwanjo, ya tsinci wadda ta yi daidai da wa'azinsa na Lahadi ya ce ai haka Ibrananci ya ce.

Alhali ginin jimla ne ke yanke hukunci. In natan zai ba da ma'anar ƙyalewa, galibi za ka ga wanda aka ƙyale sannan aikin da aka bar shi ya yi na biye, kamar Farawa 20:6 da Allah ya ce wa Abimelek bai bar shi ya taɓa Saratu ba, ko Fitowa 12:23 da ba zai bar mai hallakarwa ya shiga gidaje ba. In kuwa abu ne da wuri, sawa ke nan, kamar Farawa 1:17 da ya sa fitilu a sararin sama. A ayar Ahab abu ne, ruhu, da wuri, bakin annabawa, babu wani aiki da ya biyo baya. Aya ta 22 ma ai umarni aka ba ruhun ya je ya yi.

Ni a ganina wanda ke son ya ce ƙyalewa ce yana iya kawo hujja daga tauhidi, ya haɗa da labarin Ayuba, inda Allah ya ƙyale Shaiɗan ya jarrabe shi, in ya so, ana iya zama a tattauna wannan, amma nahawun ayar ba ya bayansa, lamba 5414 kuma ba ta isa shaida ba.